"Yana Sayarwa" ko "Yakan Sayar"? Yadda Za Ka Raba Present Simple da Present Continuous a Turanci

Akwai wata jumla da nake fara rubutawa a allo duk lokacin da na karɓi sabbin ɗalibai masu shirin WAEC ko NECO a darasin yamma: "Babana yana sayar da atamfa a Kantin Kwari." Sai in ce kowa ya mayar da ita Turanci. Idan na zaga ina leƙa littattafansu, zan tarar kusan rabin aji sun rubuta *My father is selling cloth at Kantin Kwari*, sauran kuma *My father sells cloth at Kantin Kwari*. Nan da nan gardama ta kaure, kowane ɓangare yana jira in ba shi gaskiya. Ni kuwa sai in yi musu tambaya ɗaya: baban nan, sana'arsa ke nan da yake ci da ita, ko kuwa yanzu haka yana tsaye a shago yana warware wa mai saye turmi? Sai aji ya yi tsit.

Jumlar Hausar ta ɗauki ma'anonin biyu a lokaci guda, kuma babu Bahaushen da zai rikice, domin yanayin hira ne ke fayyace abin da ake nufi. Turanci ba ya ba da wannan dama. Dole ka zaɓi ɗaya: *sells*, wato *present simple*, idan sana'a ce, ko *is selling*, wato *present continuous*, idan aikin yana gudana a daidai lokacin da kake magana.

A nahawun Hausa muna da lokaci mai ci, wato "ina, kana, yana, suna", muna kuma da lokaci sabau, wato "nakan, yakan, sukan". Da a ce muna raba su yadda littafi ya raba, da aikin ya yi sauƙi. To amma a bakinmu na yau da kullum, lokaci mai ci ya cinye aikin ɗan'uwansa. Muna cewa "ina zuwa makaranta kullum", da wuya ka ji "nakan je". Daga nan kunnen ɗalibi ya ɗaure "ina" da *I am*, sai komai ya koma *-ing*. Wannan ba rashin kaifin basira ba ne, harshen uwa ne yake aikinsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci su ma ba su tsira ba, domin *je mange* a Faransanci tana nufin "nakan ci" tana kuma nufin "ina cikin ci".

Mataki na farko: ka gwada jumlar da Hausa kafin ka taɓa Turanci

Mabuɗai biyu nake bai wa ɗalibaina. Na farko kalmar "kan". Na biyu kalmar "cikin", ko "yanzu haka".

Ɗauki jumlar da kake son faɗa. Saka mata "kan". Idan ma'anar ba ta canja ba, *present simple* kake buƙata. "Inna tana dama fura da safe" daidai take da "Inna takan dama fura da safe", saboda haka *My mother makes fura in the morning*. Idan kuwa "cikin" ce ta zauna daram, kamar "Inna tana cikin dama fura, kada ka kira ta", to *present continuous* ke nan: *My mother is making fura*.

Abubuwan da suke tabbatattu, waɗanda ba sa jiran lokaci, su ma *present simple* ne. Rana daga gabas take fitowa: *The sun rises in the east*. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salshiyos: *Water boils at 100 degrees Celsius*. Kogin Binuwai yana haɗuwa da Kwara a Lokoja: *The Benue joins the Niger at Lokoja*. Amma idan tukunya ce a kan murhu kake nuna wa ƙanwarka, sai ka ce *The water is boiling*, domin wannan ruwan ne, a wannan lokacin.

Wasu kalmomi sukan yi maka ishara. *Every day, usually, often, sometimes, never, on Fridays* suna tafiya da *present simple*. *Now, at the moment, Look!, Listen!* suna jan *present continuous*. Masu shirya tambayoyin jarrabawa suna son ɓoye amsa a cikinsu, don haka ka riƙa nemansu. Sai dai kada ka dogara da su kaɗai, domin jumloli da yawa ba su da ko ɗaya.

Mataki na biyu: ginin *present simple* da rigimar harafin *s*

Ginin ba shi da wahala a ido. Da *I, you, we, they*, aikatau yana zuwa yadda yake a ƙamus: *I work, they work*. Da *he, she, it*, ko sunan mutum ɗaya ko abu ɗaya, sai a liƙa masa *s*: *she works, Audu works, the engine works*.

Wannan ƙaramin harafi shi ne ya fi cinye wa ɗalibanmu maki a rubutun insha'i, kuma dalilin a bayyane yake. A Hausa aikatau ba ya canja kama saboda mai aikatawa. Wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin: yana aiki, tana aiki, suna aiki. Ga kuma wani abin da ke ƙara dagula lissafi: an koya mana tun firamare cewa *s* alamar jam'i ce, sai ga shi a kan aikatau ta zama alamar tilo. Dabarar da nake bayarwa ita ce ka ɗauka *s* ɗin guda ɗaya ce tak a jumla, ko dai ta zauna a kan suna ko a kan aikatau: *The boy plays*, amma *The boys play*. Ka kula da sunayen da jam'insu ba shi da *s*, irin su *children, people, women, men*, domin su jam'i ne: *The children play*. Akwai kuma masu *s* a wutsiya alhali tilo ne: *The news comes at seven*, *Mathematics needs practice*.

Wajen rubutu, aikatau mai ƙarewa da *s, sh, ch, x* ko *z* yana karɓar *es*: *passes, washes, teaches, fixes*. Haka ma *go* da *do*: *goes, does*. Idan ya ƙare da *y* kuma baƙi ne a gabanta, *y* ta koma *ies*: *study* ya zama *studies*, *carry* ya zama *carries*. Idan wasali ne a gabanta, a bar ta: *plays, buys*. *Have* kuwa ya fita daban, ya zama *has*.

Furucin ma iri uku ne, kuma yana fitowa a ɓangaren sautuka na jarrabawar Turanci. A *works* da *stops* sautin "s" ake ji. A *sells* da *runs* sautin "z" ne. A *teaches* da *washes* kuwa gaɓa guda ake ƙarawa, kamar "iz". Harshenmu ba ya son baƙaƙe su taru a ƙarshen kalma, shi ya sa muke haɗiye *s* a *wants* da *asks*. Wanda bai furta ta ba kuwa, da wuya ya tuna ya rubuta ta. Ka riƙa karantawa da ƙarfi.

Tambaya da korewa suna buƙatar ɗan aike, wato *do* ko *does*. *Do you speak Fulfulde? She does not eat pepper.* Ka lura da kyau: da zarar *does* ya shigo, ya ɗauke *s* ɗin, aikatau ya koma tsurarsa. *Does he sell cloth?* daidai ne. *Does he sells* kuskure ne, haka ma *He doesn't sells*. Aikatau *be* kuwa ba ya neman ɗan aike: *Is she a nurse? They are not ready.*

Mataki na uku: ginin *present continuous*

Ƙafa biyu gare shi, kuma ba ya tsayuwa da ɗaya: *am, is* ko *are*, sannan aikatau mai *-ing*. *I am reading. She is cooking. They are praying.* Kuskuren da na fi gani shi ne a yar da ƙafa ɗaya, a rubuta *She cooking* ko *I am go to school*. Tambaya kuwa juyawa kawai ake yi: *Is she cooking?* Korewa a saka *not*: *She is not cooking*.

Ga ƙa'idojin rubutun a taƙaice. Idan aikatau ya ƙare da *e* marar sauti, a cire ta: *make, making, write, writing*. Kalmar nan *writing* da *t* ɗaya take, na gaji da ganinta da biyu a wasiƙun neman aiki. Idan gajeren aikatau ne mai ƙarewa da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, a ninka baƙin: *run, running, sit, sitting, stop, stopping*. A aikatau mai gaɓa biyu, ana ninkawa ne idan nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe: *begin, beginning*, amma *open, opening* da *visit, visiting*. *Lie* da *die* sukan zama *lying* da *dying*. *Travel* kuwa Ingila na rubuta *travelling*, Amurka na rubuta *traveling*. Makarantunmu tsarin Ingila suka gada, don haka ka bi shi, kada ka gauraya.

Mataki na huɗu: aikatau da ba sa son *-ing*

Nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe, nan ne kuma nake ɗaukar mako guda cur da ɗalibai.

Turanci ya raba aiki da hali. Gudu, dafa abinci, rubutu, duk ayyuka ne da ake farawa a gama, ana iya kama mutum yana cikinsu. Amma mallaka, so, sani, fahimta, imani, waɗannan halaye ne da mutum yake ciki, ba a ganin yana aikata su. Irin waɗannan aikatau *present simple* suke ɗauka ko da a yanzu ake magana: *know, understand, believe, remember, like, love, hate, want, need, prefer, own, belong, seem, contain, mean*.

Duba yadda Hausa ke jefa mu rami. Muna cewa "ina da mota", "ina son shayi", "ina bukatar kuɗi", duka da "ina". Sai ɗalibi ya rubuta *I am having a car, I am liking tea, I am needing money*. Daidai shi ne *I have a car, I like tea, I need money*. Gwajin "cikin" zai cece ka a nan: za ka iya cewa "ina cikin mallakar mota, ka jira in gama"? Ba ta zauna ba. To ba *-ing* ke nan.

Wani abin sha'awa, a wasu wuraren Hausa da Turanci sun yi tunani iri ɗaya. Ba ma cewa "ina sani" idan an ba mu labarin da muka riga muka ji, "na sani" muke cewa. Haka "na gane", "na yarda", "na tuna". Mu ma mun ji a jikinmu cewa waɗannan ba ayyuka ne masu gudana ba. Abin kiyayewa kawai shi ne kada ka mayar da su shuɗaɗɗen lokaci a Turanci. "Na sani" ita ce *I know*, "na gane" *I understand*, "na yarda" *I agree*. Ba a cewa *I am agree*.

Sai kalmar "ji", wadda ita kaɗai ta isa darasi. Da ita muke saurare, da ita muke fahimtar harshe, da ita muke sansana, da ita muke bayyana yunwa da ciwo. Turanci ya ba kowanne kalmarsa. "Kana jin Turanci?" ita ce *Do you understand English?*, ba *Are you hearing English?* ba. A waya idan sabis ya yi rauni, "kana ji na?" ita ce *Can you hear me?* "Ina jin ƙauri" ita ce *I can smell something burning*. "Ina jin yunwa" kuwa *I am hungry*. Haka "gani": "ina ganinsa daga nan" ita ce *I can see him from here*. Idan kana son *-ing*, sai ka koma ga aikatau da ake yi da niyya: *I am listening to the radio, I am looking at the picture, I am watching the match*.

Akwai kuma masu fuska biyu, waɗanda ma'anarsu ke canjawa idan sun ɗauki *-ing*:

*I have two brothers* mallaka ce, amma *I am having lunch* cin abinci ne, aiki ne.
*I think he is honest* ra'ayi ne, amma *I am thinking about the exam* tunani ne da ke gudana a kai.
*The soup tastes good* halin miyar ne, amma *She is tasting the soup* uwargida ce riƙe da ludayi.
*I see what you mean* fahimta ce, amma *I am seeing the doctor tomorrow* ganawa ce da aka tsara.
*He is rude* halinsa ne, amma *He is being rude* yau ne ya tsiri rashin kunya, ba a san shi da ita ba.

Kafin in bar wannan mataki, bari in taɓo "ina zuwa". Kana zaune da baƙo, ka miƙe za ka shiga cikin gida ka ɗauko masa ruwa, ka ce "ina zuwa". Kowa ya gane za ka dawo ne. A Turancin Nijeriya mun mayar da ita *I'm coming*, kuma tsakaninmu ana fahimta sarai. Amma ka faɗa wa mutumin Ingila haka sannan ka juya masa baya ka fita, zai bi ka da kallo, domin a wurinsa *I'm coming* na nufin kana tahowa inda yake. Abin da zai gane shi ne *I'll be right back* ko *Just a moment*. Ban ce ka daina faɗinta a unguwa ba. Ka dai san inda take aiki da inda ba ta yi.

Mataki na biyar: na dindindin da na wucin gadi

*Present continuous* ba sai aikin yana faruwa a daidai daƙiƙar da kake magana ba. Ya isa a ce abu ne na ɗan lokaci da ake cikinsa a 'yan kwanakin nan. Ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello za ta iya cewa *I live in Katsina, but I am staying with my aunt in Samaru this semester*. Katsina gida ne, Samaru zaman karatu. Haka *I am reading a book on Hausa history* ba ta nufin littafin yana hannunka yanzu, tana nufin ka fara ba ka gama ba.

Abin da ke sauyawa sannu a hankali shi ma nan yake: *Prices are rising. The town is growing. Your English is improving.*

Ga wata 'yar dabara da ke sa magana ta yi armashi. *Always* a ƙa'ida abokiyar *present simple* ce: *He always comes early*, yabo ne ko bayani. Amma idan ka haɗa ta da *-ing*, ƙorafi ya shigo: *He is always borrowing my charger*. Daidai take da yadda muke cewa "kullum sai ya ari cazata".

Mataki na shida: idan ana nufin gaba

Dukansu biyu suna iya magana a kan abin da bai zo ba. Abin da ke kan jadawali, wanda hukuma ko makaranta ta tsara, *present simple* ne: *The train leaves Rigasa in the morning. The exam starts on Monday.* Abin da kai ka shirya da wani, an sa rana, *present continuous* ne: *I am travelling to Sokoto on Friday. My sister is getting married next month.*

Ka riƙe wannan da kyau, domin tana yawan fitowa a JAMB: bayan *when, if, before, after, until, as soon as*, ba a saka *will* idan ana nufin lokaci ko sharaɗi. *Present simple* ake sawa. "Idan ya zo zan faɗa masa" ita ce *When he comes, I will tell him*. Hausa ma ba ta cewa "idan zai zo zan faɗa masa" a wannan ma'ana, don haka kunnenka ya riga ya saba.

Idan kana karanta kanun labarai a jaridun Turanci irin su Daily Trust, za ka ga abin da ya faru jiya an rubuta shi da *present simple*, misali *Governor signs budget*. Salon kanu ne. Masu sharhin ƙwallo ma haka suke yi: *He passes, he shoots, he scores!* Kada ka kwaikwayi wannan a insha'in ba da labarin abin da ya wuce.

Mataki na bakwai: tarkon "tun"

"Ina zaune a Kaduna tun 2015." Da yake akwai "ina", hannu zai so ya rubuta *I am living in Kaduna since 2015*. Kuskure ne, haka ma *I live in Kaduna since 2015*. Duk abin da ya faro daga baya ya iso yanzu, kuma aka ambaci mafarinsa ko tsawonsa, wani lokaci ne daban yake ɗauka: *I have lived* ko *I have been living in Kaduna since 2015*. Wannan darasin wata rana ne. A yau dai, da ka ga "tun" ko "shekara kaza ke nan", ka san ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ne.

Mataki na takwas: atisaye

Karanta ƙa'ida ba ya zaunar da ita, sai an yi ta maimaitawa. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne, kowace rana su rubuta jumla biyar a kan abin da wani ɗan gidansu ya saba yi, domin *he* da *she* su tilasta musu saka *s*. Sannan su zauna a ƙofar gida minti biyar su rubuta jumla biyar a kan abin da idonsu ke gani: mai shayi yana fifita wuta, yara suna dawowa daga Islamiyya, ɗan acaɓa yana jiran fasinja. Mako biyu a haka, hannu yakan fara zaɓa da kansa.

Gwada waɗannan kafin ka duba amsa:

1. Ladi tana koyarwa a makarantar firamare.
2. Yi shiru, jariri yana barci.
3. Ina da tambaya.
4. Ba ya shan shayi da dare.
5. Me kake yi? Ka fassara ta sau biyu: ga wanda kake tambayar sana'arsa, da wanda ka tarar yana haƙa rami a tsakar gida.
6. Manoma suna shuka gero da damina.
7. Wannan jakar ta Hadiza ce, kuma tana nemanta.

Ta farko *Ladi teaches in a primary school*, domin aikinta ne. Ta biyu *Be quiet, the baby is sleeping*. Ta uku *I have a question*. Ta huɗu *He does not drink tea at night*, babu *s* a kan *drink*. Ta biyar, mai sana'a za ka ce masa *What do you do?*, mai haƙa rami kuma *What are you doing?* Wannan bambanci yana da muhimmanci a ganawar neman aiki ko ta biza: idan aka ce maka *What do you do?*, sana'arka ake tambaya. Ta shida *Farmers plant millet in the rainy season*, jam'i ne, don haka *s* tana kan *farmers*. Ta bakwai ta haɗa duka biyun a jumla ɗaya: *This bag belongs to Hadiza, and she is looking for it*. *Belongs* hali ne na mallaka, ba ya karɓar *-ing*, nema kuwa aiki ne da Hadiza take cikinsa yanzu haka.